Nomau Ya Ɗaga Motar Ubansa

A Gangaren Marke akwai wani gida da kowa ya sani saboda farar a-kori-kura da ke tsayawa a ƙofarsa. Gidan Jibo Direba ke nan. Mutum uku ne a ciki: shi Jibo, da matarsa Gwamma, da ɗansu Nomau, wanda ya ba talatin baya. Shekara ashirin da shida Jibo yana jan motar nan. Kullum da safe ya kwashi matan fadama su tara, da kwandunan tumatir da alayyafo da yakuwa, ya kai su kasuwar birni, da la'asar ya dawo da su. Gidan ba gona, ba shago. Abin da motar ta samo shi ake ɗorawa a murhu.

Sai hawan jini ya kayar da Jibo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure inda zai riƙa hango motar ta ƙofa, aka miƙa wa Nomau makulli. A tuƙi kam ba a kushe Nomau, hannunsa ma ya fi na uban laushi a kan sitiyari. Matsalarsa ɗaya ce tal, amma ta ishi gari guda. Duk abin da aka ce ya yi, shi zai yi yadda ya fito daga baki, ba ragi ba ƙari. Gwamma ta taɓa cewa ya riƙe mata akuya kafin ta dawo, aka yi mata baƙi ta manta, sai da rana ta kusa faɗuwa ta same shi tsaye a inda ta bar shi da igiya a hannu.

Ana cikin wannan sai hanya ta lalace. Tifofin yashi suka sami wurin ɗiba a bayan fadama, suka yi ta zarya har tayoyinsu suka haƙa kwari biyu, doro ya taso a tsakiya tun daga bakin fadama har kwalbati. Ita kuwa motar Jibo ta tsufa, sifirinta, wato fallayen ƙarfen da ke ɗauke da nauyinta a kan tayoyi, ya kwanta. Da an loda mata kaya sai ƙirjinta ya riƙa gurzar doron nan, mata su sauka su tura, a isa kasuwa masu sari sun gama saye sun watse.

Goggo Tabawa, wadda ita ce babbar matan, ta zo zaure ta durƙusa ta gaida mai jiki, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Malam Jibo, mun daɗe tare, ba na son in ci amanarka. Amma akwai wani Haladu a ƙauyen gaba mai doguwar mota, kullum sai ya aiko mana. In damina ta kankama motar nan tana jan ciki, wallahi ba zan iya riƙe matan nan ba."

Jibo ya san in suka tafi sun tafi ke nan, babu wasu fasinjoji a garin. Ya ce ta ba shi lokaci, za a ɗaga motar. Da ta fita ya daɗe yana kallon hannunsa da ya ƙi motsi, yana tunanin aikin da zai yi da kansa a wuni guda yanzu sai ya bi ta kunnen Nomau.

Wata rana Jibo ya kira shi ya ce, "Kafin a ɗaga mota sai an san tsayin doron. Duk inda ka ji ta taɓa ƙasa, ka tsaya ka auna." Nomau ya ce to. Washegari ya lodi mata, ya ɗauki damin kara ya sa a gaba. Suna wuce bakin fadama mota ta ce ƙurr. Ya taka birki, ya sauka, ya kwanta a ƙasa, ya auna doron da kara, ya karya karan daidai tsayin, ya koma ya ja. Ba su yi taku ashirin ba ta sake cewa ƙurr. Ya sake sauka.

"Kai ɗan nan, rana fa tana yi!" in ji Goggo Tabawa.

"Goggo, Baba ya ce duk inda ta taɓa."

Sau arba'in da ɗaya ya tsaya. Suka isa kasuwa ana kiran azahar, alayyafo ya yi laushi, masu awaki ne kawai suka taya. Da la'asar Nomau ya shigo zaure fuskarsa fal murna, ya zube guntayen kara a gaban uban. Jibo ya tambaye shi wanne ne na ina. Nomau ya ce ai ba a ce ya riƙe wannan ba.

Wata rana kuma, ranar da matan ke hutu, Jibo ya ce, "Ka je kasuwar 'yan sifiya ka ga irin kayan ɗaga mota da ake da su. Kada ka tsaya a bakin mutum ɗaya. Ka ji ta bakin kowa kafin ka dawo." Nomau ya tafi. Mai shagon farko ya ce a ƙara wa sifiri falle ɗaya kowane gefe, an gama. Na biyu ya ce ƙarin falle yana sa mota ta yi tauri ta riƙa jijjiga mutum har hanji, gara a sa tubalin ƙarfe a ƙarƙashin sifirin. Na uku ya yi tsaki, ya ce tubali yana sa mota rawa a kwana, a canja komai da komai, a sa dogon sifiri da doguwar shokazoba da manyan tayoyi. Nomau ya gama da masu shaguna, ya duba ya ga har yanzu akwai mutane a kasuwa. Ya tambayi mai shayi. Ya tambayi mai yankan farce. Ya tambayi wata tsohuwa mai awara, ta ce ita abin da ta sani shi ne mota ba ta wuce addu'a. Ya tari wani mai tura baro, ya tari mai gadi, ya bi wani baƙo da ya shigo neman makewayi. Kasuwa kuwa kullum sababbin mutane take yi, don haka ya kwana a masallacin kasuwa ya ci gaba. Kwana uku matan fadama suna fitowa bakin hanya da kwandunansu suna komawa.

Da Gwamma ta aika aka taso shi, ya zauna ya fara biya wa uban abin da kowa ya ce, bi da bi, tun daga mai shagon farko. Jibo ya rufe ido. Shi tun da farko ya san amsar. Motar da ke fita kullum da mata tara da kwanduna ba ta son hawa sama da yawa, yatsa uku ya ishe ta, falle ɗaya kowane gefe. So yake kawai ɗan ya ga kayan da idonsa ko wani abu zai zauna a kansa, saboda ranar da babu mai gaya masa. Nomau yana kan maganar mai awara, Jibo ya juya fuskarsa bango, hawaye ya gangaro ta gefen da ba ya iya sharewa.

Wata rana Jibo ya yanke shawara a kai motar garejin Shitu makanike a bakin birni. Ya tuna cewa mota in ba kaya tsayinta daban, in an loda ta daban, sai ya ce, "Kada ka yarda Shitu ya taɓa motar nan babu kayan da take ɗauka a kanta." Da safe Nomau ya lodi mata kamar kullum. Da suka zo mararraba, maimakon ya yi kasuwa sai ya karya sitiyari ya shige gareji. Shitu ya fito yana goge hannu, ya ji bayani, ya ce tsohon direba ya yi gaskiya. Ya durƙusa ya auna, sannan ya ce, "To, iyayena, ku sauko in fara aiki."

Nomau ya tsaya a bayan mota ya baza hannuwa. "Oga, Baba ya ce kada ka taɓa ta babu kaya."

"Na gama awo, Nomau. Yanzu ɗagawa zan yi."

"Ɗagawa ma ai taɓawa ce."

Mata suka kaure da hayaniya. Shitu mutum ne mai son raha, ya ce bari ya nuna masa abin ba ya yiwuwa. Ya cusa jak a gefe ɗaya ya fara bugawa. Mota ta karkace, mata suka yi salati suka rungumi juna, kwando biyu suka kife, tumatir ya bazu cikin baƙin mai. Goggo Tabawa ta diro ta gefe duk da ciwon gwiwarta, ta cire takalmi ta bi Nomau da shi. Daga nan matan suka ɗora abin da ya rage a ka suka taka zuwa kasuwa, tafiyar da ta fi rabin sa'a. Ranar ba a ɗaura ko noti ɗaya ba.

Wata rana, bayan Gwamma ta bi gidajen matan tana ba da haƙuri, Jibo ya zauna ya auna maganarsa kafin ya fitar. Harshen ya yi masa nauyi ranar, sai ya gajarta, yana ganin Shitu ai ya san sauran. Ya ce, "Ka je kai kaɗai, ba mata, ba kwando. Ka ce ya ɗaga ta yadda babu abin da zai sake taɓa ƙirjinta a hanya." Nomau ya je ya faɗa. Shitu ya ɗauko falle biyu, ya ce wannan zai wuce doron. Nomau ya shiga lissafin abin da ke kan hanya.

"Oga, akwai kututture a kwanar fadama."

"Ana kauce masa."

"Akwai tumakin Liman, suna kwanciya a tsakiyar hanya. Wani lokaci kuma a tsaye suke."

Shitu ya dube shi, ya dubi wasu dogayen ƙarafa da ke rataye a rumfarsa shekara biyu, waɗanda ya kwance daga motar wasu masu kuɗi da ke zuwa farauta daji, ba wanda ya taɓa tayawa. Ya ce in dai tunkiya a tsaye ake so ta wuce, to ga maganinta. Kwana biyu yana ɗaurawa.

Da motar ta dawo gari yara da manya suka fito kallo. Ta hau sama fiye da taƙi biyu na hannun babban mutum. Da safe mata suka zo suka tsaya suna ɗaga kai. Aka kawo turmi aka kifa, suna takawa suna hawa, Goggo Tabawa kuwa sai da biyu suka ja ta sama biyu suka turo ta ƙasa, tana faɗin abin da bai kamata a maimaita ba. Doron kam ba ta taɓa shi ba, gaskiya ce. Amma a kowace kwana sai ta yi layi kamar raƙumi zai durƙusa, a kowane rami ta watsa kwanduna sama, tumatir ya isa birni rabinsa ya zama miya. A ƙofar kasuwa kuma akwai ƙarfe da aka gitta a sama don hana manyan motoci shiga. Shekara ashirin da shida motar Jibo tana wucewa ƙarƙashinsa. Ranar kwandunan saman suka tokare shi, mai gadi ya kora su can wajen tireloli, mata suka yi ta jidar kaya a ka.

Jibo bai ga duk wannan ba, ba shi labari aka yi. Abin da ya gani da idonsa ya fi ci masa rai. Da, in ya ɗaga kai daga tabarma, gilashin motar yake hangowa ta ƙofar zaure, da kujerar da ya zauna a kai rabin rayuwarsa. Yanzu tayoyi kawai yake gani, da sarari a tsakani, kaji suna kiwo a ciki.

Wata rana ya tattara ƙarfinsa ya faɗi maganar tiryan-tiryan, ya sa Nomau ya maimaita sau uku: a kwance dogayen ƙarafan, a mayar da nata na da, a ƙara falle ɗaya dama, falle ɗaya hagu, yatsa uku, kada a wuce. Sai da Gwamma ta sayar da tunkiyarta aka biya kuɗin wannan aikin. Nomau ya kai saƙo daidai, Shitu ya yi aiki daidai, karon farko babu wanda ya yi kuskure. Sai dai a kwanakin an yi ruwa biyu masu ƙarfi, tifofi suka bi ta kan laka suka ƙara wa kwarin zurfi. Safiyar farko, kafin kwalbati, motar ta hau doron ta zauna daram kamar kaza a kan ƙwai, tayoyin baya suna juyawa a banza. Can sai ga doguwar motar Haladu ta taho ta baya ta tsaya. Babu wadda ta yi faɗa. Matan suka sauke kwandunansu ɗaya bayan ɗaya suka mayar can.

Da la'asar Goggo Tabawa ta shigo zaure ta gaida Jibo, ta ajiye masa ɗan ƙullin yakuwa, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta fita. Da zagi ta yi da ya fi masa daɗi.

Nomau ya shigo bayan shanu sun ja masa motar, ya tsuguna, laka har gwiwa. "Baba, yanzu me zan yi?"

Jibo bai taɓa ɗaga masa murya ba tun da ya kwanta, amma ranar zuciya ta ɗebe shi. "Me za ka yi? An ɗaga ta ba ta yi ba, an sauke ta ba ta yi ba! Ɗauki fartanya ka je ka kankare hanyar gaba ɗaya, tunda ita kaɗai ce ba ka ɓata ba!"

Nomau ya ce to.

Washegari Gwamma ta nemi fartanyarta ta rasa. Da hantsi wata maƙwabciya ta leƙo tana danne dariya, ta ce an ga Nomau a bakin fadama yana noman titi. Gwamma ta ce bari ta je ta dawo da shi. Jibo ya ce, "Ƙyale shi. Me ya rage da zai lalace?" Suka ƙyale shi. Yana saran doron yana tura ƙasar cikin kwarin dama da na hagu, yana takawa da ƙafa. Inda ya ga ƙasa ba ta isa ba sai ya tono tsakuwa a gefe. Direbobin tifa suna wucewa suna masa ham, Haladu yana rage gudu don matan su sami abin dariya. Fartanya ta karye a rana ta huɗu, ya ɗaure ta da waya. Tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. A gida an koma cin tuwo sau ɗaya a wuni, motar tana tsaye a ƙofa kaji sun fara kwana a bodinta. Kwana goma sha ɗaya ya yi kafin ya kai kwalbati.

Rana ta goma sha biyu, da sassafe, Jibo ya ji sallama. Goggo Tabawa ce, kwando a kanta, sauran takwas a bayanta.

"Malam Jibo, motar nan tana tashi kuwa?"

Ya ce tana tashi, amma ina Haladu?

"Bar ni da Haladu. Motarsa sai an hau ta kamar rumbu, gwiwata ta kumbura, tumatir kuma kullum a farfashe. Don doron nan kawai muke haƙuri da shi. Jiya na duba na ga hanya ta zama shimfiɗa, na ce to me muke yi a saman bene? Ku ba mu 'yar gajeruwarmu."

Nomau ya kore kaji, ya tada mota. Mata suka hau ba turmi ba turi. Jibo yana jin ƙarar injin tana nisa, yana kasa kunne ko zai ji ƙurr. Bai ji ba. Da la'asar suka dawo kwanduna wayam, Gwamma ta ɗora tukunya biyu.

Jibo dai bai yi murnar da ya zata zai yi ba. Shekara ashirin da shida yana bin hanyar nan yana tsine wa ramuka da masu mulki, da hannu biyu lafiyayyu, bai taɓa tunanin sauka da fartanya ba. Sai da wawan ɗansa ya ɗauki baƙar magana da gaske. Ya kuma san tifofin ba su daina ba, doron zai sake tasowa, shi kuwa jikinsa yana gaya masa ba zai ga damina ta gaba ba.

Nomau ya shigo ya tsuguna a inda ya saba. "Baba, gobe me zan yi?"

Gwamma tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon tuwo. Jibo ya juya maganar a ransa ta kowace fuska, yana neman inda za ta yoyo, sannan ya fitar da ita a hankali, kalma bayan kalma.

"Kullum da safe ka ɗauki matan nan ka kai su kasuwa, da la'asar ka dawo da su. Abin da suka ba ka, ka kawo wa Innarka. Ranar hutunsu ka ɗauki fartanya ka bi hanya, inda ya taso ka kankare."

"Har yaushe, Baba?"

"Har sai na ce ka daina."

Nomau ya ce to, ya tashi ya je wanke mota. Gwamma ta ajiye kwanon a hankali, ta ja bakin mayafinta ta rufe fuska.